Yadda Ake Saita Agogon Jiki a Dawo da Barcin Dare

Mafi yawan masu kawo mini kukan rashin barci, a wurin aiki ko a unguwa, daga dare suke son a fara gyara: wace ƙwaya za su sha, wane ganye za su dafa kafin su kwanta. Abin da aikin jinya da kwanan asibiti suka koya mini kuwa shi ne, da safe ake gyara barci. Lokacin da ka bar shimfiɗa, da hasken da ya shiga idonka bayan ka tashi, su ne ke yanke wa jiki sa'ar da zai nemi kwanciya in dare ya yi.

Tsarin da zan bayyana shi nake bi duk sanda na sauka daga aikin dare, kuma na ɗora mutane da dama a kansa: wanda azumi ya wuce ya bar shi da kwana ido biyu, ɗalibin da hutu ya mayar masa da dare rana, uwargidan da waya ke kai ta ƙarfe 2, magidancin da ya kwanta amma lissafin cefane ya hana shi runtsawa. Ka ba shi mako biyu zuwa uku kafin ka yanke masa hukunci.

Kayan da za ka tanada

- Ɗan littafi da biro, a ajiye kusa da shimfiɗa.
- Agogo mai ƙararrawa. In babu, ƙaramar waya mai maɓalli wadda ba ta hawa intanet ta wadatar.
- Labule mai kauri. Tsohon bargo ko zane mai duhu a ninka biyu zai yi aikin.
- Fitila mai raunin haske, wadda haskenta ya yi ruwan ɗorawa, ba fari tas ba.
- Gidan sauro mai magani.
- Fanka mai caji ko mafici, da bokitin ruwa da ƙaramin tawul, saboda bazara.
- Auduga ko abin toshe kunne, ga wanda ke kusa da titi ko injin maƙwabta.
- Goyon bayan mutanen gida. Wannan ya fi duk na sama wuyar samu, kuma in babu shi aikin ba ya ɗorewa. Ka zaunar da iyali ka faɗa musu abin da kake shirin yi.

Ɗan abin da ya kamata ka sani

Abu biyu ke kawo barci. Na farko gajiyar ƙwaƙwalwa: tun daga farkawarka wani sinadari mai suna adenosin ke taruwa, yawansa ne ke sa ido ya yi nauyi, barci kuma shi ke share shi. Na biyu agogo. Can cikin ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin ido biyu suka gitta juna, akwai ɗan curi na ƙwayoyin jijiya kimanin 20,000 da ke riƙe wa jiki lokaci. Shi ke sa a saki melatonin, sinadarin da ke shaida wa jiki dare ya yi, wajen awa biyu kafin lokacin da ka saba kwanciya. Shi ke sauke zafin jiki gab da asuba, ya kuma ɗaga sinadarin kotisol da safe don ka miƙe da kuzari. Hanta da hanji da zuciya kowanne na da nasa ƙaramin agogon da ke bin wannan babban. Masana uku 'yan Amurka, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, sun sami kyautar Nobel a 2017 saboda gano ƙwayoyin gadon da ke juya shi.

Zagayen agogon nan ba awa 24 cif ba ne. A yawancin mutane yakan ɗara da 'yan mintoci, kamar agogon bangon da kullum yake ɗan makara sai an sa hannu an saita. Haske ne ke saita shi: na safe yana sa barci ya zo da wuri, na dare yana sa ya makara.

Babba na buƙatar awa 7 zuwa 9 a kwana, matashi 8 zuwa 10, yaron firamare 9 zuwa 12. Kuma abin da ake asara in an tauye su ya wuce kasala da hamma. A 1999, a Jami'ar Shikago, an taƙaita wa samari 11 lafiyayyu barci zuwa awa 4 na dare shida, sai jikinsu ya soma kasa sarrafa suga kamar na dattawan da ciwon suga ke shirin kamawa. Bugun jini yakan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari lokacin barci, wannan ne hutun zuciya da jijiyoyi, wanda kuma ba ya samunsa ya fi kusa da hawan jini. Wani bincike na 2015 ya nuna masu barcin ƙasa da awa 6 sun ninka masu awa 7 kusan sau huɗu wajen kamuwa da mura bayan an ɗiga musu ƙwayar cutar a hanci. Ƙarancin barci na ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi da maiƙo, yana rage haƙuri, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke zaunar da abin da aka koya da rana. Mai hadda da mai shirin jarrabawa su lura da wannan na ƙarshe.

Mataki na 1: Rubuta barcinka na mako guda

Kada ka canza komai tukuna. Kowace safiya ka rubuta lokacin da ka kwanta, kiyasin lokacin da barci ya ɗauke ka, sau nawa ka farka, lokacin da ka tashi, barcin da ka yi da rana, da goro ko shayi ko kofin da ka sha da lokacinsu. Kiyasi nake nufi. Kada ka riƙa duba agogo cikin dare don ka cika littafi.

Ranar bakwai ka haɗa lissafi. Wani zai ga ya yi barci daga ƙarfe 1 zuwa 5, ya koma daga 6:30 zuwa 9, ya ƙara awa guda bayan la'asar. Wannan barcinsa bai ɓata ba, warwatsewa ya yi, tattaro shi za a yi. Wani kuwa duka-duka awa 5 zai samu, shi bashi ne a kansa. Sanin rukunin da kake ciki shi zai nuna maka matakin da za ka fi matsa wa.

Mataki na 2: Tsai da lokacin tashi, kada ya motsa

Nan ne ginshiƙin. Ba ka da ikon tilasta wa kanka barci, amma kana da ikon tashi. In lokacin tashi ya tsaya wuri guda, lokacin jin barci zai biyo shi da kansa cikin 'yan kwanaki.

Mu a nan Allah ya sauƙaƙa mana. A Kano ko Zariya ko Maraɗi, rana na fitowa tsakanin ƙarfe 6 da 7 duk shekara, asuba kuma ba ta nisa da ƙarfe 5. A Landan rana kan faɗi bayan ƙarfe 9 na dare a watan Yuni, ta faɗi kafin 4 na yamma a Disamba. Mu muna da tsayayyen lokaci, ga kuma ladan da ke tashin mu a kai. Inda muke kuskure shi ne lissafin baya: wanda zai tashi ƙarfe 5, yana son awa 7, dole barci ya ɗauke shi ƙarfe 10.

Tsarin da na fi so shi ne kwanciya wajen 9:30, barci 10, tashi 5, ba komawa, sai gajeriyar ƙailula. Amma na san ba kowa zai iya ba. Mai shagon da ba ya rufewa sai 11, da mai shayi, da matar da ba ta zama sai ta sallami kowa, su suna da hanya ta biyu: a yi sallah, a koma na awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a sa ƙararrawa, a tashi a lokaci guda kullum, misali ƙarfe 7. Ba na cikin masu cewa duk barcin bayan asuba cuta ne ga jiki. Wanda ya kwanta 12, ya tashi 5, ya ƙi komawa kuma bai yi ƙailula ba, yana tara bashin awa biyu kowace rana, kuma jikinsa ne zai biya. Abin da ke ɓata agogo shi ne komawar da ba ta da iyaka: yau a tashi 8, gobe 11, a ɗaki mai duhu.

Kuskure biyu sun fi yawa a nan. Na farko, ramuwar Asabar da Lahadi. Kwana biyu na makara sun isa su rushe aikin kwana biyar, shi ya sa daren Litinin ke wa ma'aikata da ɗalibai wuya. In za ka ƙara, kada ya wuce awa guda. Na biyu, mutum ya yi mummunan dare sai ya ce bari ya rama da safe. Tashi a lokacinka ko da awa uku ka samu. Wunin zai yi nauyi, amma wannan nauyin ne zai kwantar da kai da wuri.

Mataki na 3: Fita hasken safe

Cikin awa guda da fitowar rana, ko da tashinka in bayan fitowarta kake tashi, ka fita waje na minti 20 zuwa 30. Mutane kan ce ai ɗakina da haske. Ido ne ke ruɗin ka. A ma'aunin haske da ake kira luks, ɗaki mai ƙwan lantarki bai cika wuce 300 ba, alhali inuwar bishiya da hantsi na iya kaiwa 10,000, tsakar rana kuma 100,000. Agogon jiki bai ɗauki hasken ɗaki a bakin rana sosai ba.

Ba sai ka kalli ƙwayar rana ba, kada ma ka yi, yana lahanta ido. Zama a waje kawai ake so, ba baƙin tabarau. Uwargidan da ba ta fita, tsakar gida ta ishe ki: shara, wanke-wanke, karin kumallo, lazimin safe, ki mayar da su waje maimakon cikin ɗaki. Ma'aikaci ya sauka daga mota kafin ya kai, ya ƙarasa da ƙafa. Ranar hazo ko hadari a ninka lokacin, don ko a hakan waje ya fi ɗaki nesa ba kusa ba. Tsoho ko majinyacin da ba ya iya fita, a buɗe taga gaba ɗaya a matso da shi bakinta. Na sha ganin dattijon da ke wuni gyangyaɗi a ɗaki yana kwana kiran mutane, da aka riƙa fito da shi zaure da safe sai darensa ya daidaita.

A 2013 wani masani a Jami'ar Kolorado, Kenneth Wright, ya kai mutum takwas daji suka yi mako guda ba lantarki ba waya, daga rana sai wutar icce. Da suka dawo aka auna, agogon jikinsu ya matso da kusan awa biyu. Rayuwar da kakanninmu suka yi ke nan, kuma har yau haka ake yi a rugage da ƙauyuka da yawa.

Mataki na 4: In agogonka ya yi nisa, jawo shi a hankali

Wannan na wanda ba ya barci sai 2 ko 3, ba ya tashi sai 10 ko 11. In ka kwanta ƙarfe 10 yau, juye-juye kawai za ka yi, don a wurin jikinka magariba ce. Abin yi shi ne ka rage rabin awa daga lokacin tashinka duk bayan kwana biyu: 10:30, sai 10, sai 9:30, har ka iso inda kake so. Duk sanda ka tashi, waje kai tsaye. Lokacin kwanciya ma ka riƙa jawo shi da rabin awa, amma sai ka ji barcin.

Sallar asuba ba a ɗaga ta saboda wannan. Ka tashi ka yi, amma a makon farko ka guji haske mai ƙarfi da duba waya a lokacin, ka koma ka cika barcinka. Dalili kuwa, ga mai irin wannan agogo ƙarfe 5 tsakar dare ne, haske mai ƙarfi a tsakar daren jiki kuma ƙara tura shi gaba yake yi. Sai lokacin kwanciyarka ya sauko zuwa wajen 11 sannan ka soma zama bayan sallah ka tari fitowar rana.

Samari na son dabarar kwana da wuni ba barci wai don a saita lokaci ɗaya. Dare guda take yi wa aiki, daga nan a koma gidan jiya.

Mataki na 5: Sa wa goro da shayi da kofi iyaka

Sinadarin kafeyin ba ya cire gajiya, toshe wa ƙwaƙwalwa jin adenosin yake yi. Kuma yana daɗewa: bayan kamar awa 5 rabinsa na nan a jini. An gwada a 2013, an ga wanda ya sha mai yawa awa 6 kafin kwanciya ya yi asarar fiye da awa guda na barci, wasu ba su ma san sun yi ba. Don haka mai cewa ni ko na ci goro barci nake yi, ya sani zurfin barcin ne ke raguwa.

Dokar ita ce, daga azahar an rufe. Ta shafi goro, kofi, baƙin shayi, koren shayin da ake dafawa zagaye uku a majalisa musamman a Nijar, lemon kwalba baƙi, da lemukan ƙara kuzari. Wasu magungunan ciwon kai ma, irin su Panadol Extra, akwai kafeyin a ciki. Sigari da shisha su ma suna hana ido rufuwa. Mai juna biyu kada ta wuce miligiram 200 a rana, kimanin kofi biyu ƙanana.

Wanda ya saba da yawa kada ya yanke rana ɗaya, ciwon kai zai sa ya koma. Rage rabi a makon farko. A majalisar dare a maye gurbinsa da citta da kanumfari, ko na'a-na'a, ko madara mai ɗumi.

Mataki na 6: Ƙailula

Jiki da kansa yakan yi sanyi tsakanin ƙarfe 1 da 3 na rana, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Nan ne gurbin ƙailula. Minti 20 zuwa 30, da ƙararrawa. In ta wuce haka ka shiga barci mai nauyi, ka tashi jiki a mace. Mai bashin barci da ke da sarari ya yi awa ɗaya da rabi, wato zagayen barci guda cikakke. Bayan la'asar kuwa babu. Wanda matsalarsa ita ce kasa barci da dare, ya haƙura da ƙailula gaba ɗaya na mako biyun farko.

Mataki na 7: Abinci da motsa jiki

Agogon hanta da hanji lokacin cin abinci suke bi. Karya da safe, ka ci na dare awa biyu zuwa uku kafin kwanciya. Tuwon bayan magariba daidai yake. Indomi da ƙwai ƙarfe 11 ne ke kawo ƙwarnafi da juyi. Ruwa a sha sosai da rana, a rage bayan isha'i. Mai ciwon suga da ke kan magani ko allura kada ya sauya lokacin cin abincinsa sai da sanin likita.

Tafiyar rabin awa da sauri, ko ƙwallon bayan la'asar, suna ƙara wa barci zurfi. Motsa jiki mai tsanani dai kada ya zo gab da kwanciya.

Mataki na 8: Rage haske bayan isha'i, raba shimfiɗa da waya

Awa ɗaya zuwa biyu kafin kwanciya, kashe fararen ƙwayayen nan masu ƙarfi na sola da lantarki, kunna ƙaramar fitilar. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya son barci kafin isha'i da hira bayanta. Isha'i a wajenmu ba ta wuce wajen ƙarfe 8, saboda haka wanda ya bi wannan ya sami awa biyu na saukowa a hankali.

Illar waya biyu ce, haskenta da abin da ke cikinta, kuma a ganina na biyun ya fi. Ko ka mayar da fuskarta ja, muhawarar da ka tsunduma ciki a Facebook, da bidiyon TikTok da ɗaya ke jawo ɗaya, ba za su bar zuciya ta kwanta ba. Sa ta caji a wani ɗaki. In ɗaki ɗaya ne, a jaka, nesa da inda hannu zai kai. Wanda ke tsoron kiran gaggawa ya bar ƙararta a buɗe, tana nesa ma zai ji.

Akwai uzurori na gaskiya. Wani sai tsakar dare ake kawo musu wuta, dole a tashi guga da jan ruwa. Wani datar dare mai araha yake jira. Wani ƙwallon Turai, da ba a tashi sai 10 ko 11. Shawarata, a ware musu dare ɗaya ko biyu a mako, a jera abin da za a sauke a bar wayar tana yi ita kaɗai, kuma ko an yi daren, lokacin tashi na nan inda yake.

Sannan ka tsara abubuwa uku ko huɗu da za ka riƙa yi a jere kowane dare: wanka, alwala, karatu kaɗan a takarda, addu'ar kwanciya. Mai yawan tunani ya ɗauki minti biyar ya rubuta abin da ke damunsa da abin da zai yi a kai gobe, ya rufe littafin.

Mataki na 9: Gyara wurin kwana

Sai zafin cikin jiki ya ɗan sauka barci ke kankama, shi ya sa watannin Maris zuwa Mayu suka fi kowane lokaci wahala. Ɗakin siminti mai rufin kwano yakan riƙe zafin rana har tsakar dare. Rufe taga da labule da rana, buɗe su bayan magariba. Watsa ruwa kafin kwanciya. Jiƙa tawul ka goga a wuya da hannuwa da ƙafafu, ko ka rataya jiƙaƙƙen zane a gaban fanka. A busasshiyar iskarmu ta bazara yana aiki ƙwarai. Katifar soso na tara zafi, tabarma ta fi ta a wannan lokaci. In gidan da tsaro, kwanan tsakar gida ya fi, amma cikin gidan sauro, don sauron zazzaɓin cizon sauro da dare yake cizo. Sabon gidan sauro a shanya shi a inuwa kwana guda kafin a shiga.

Gargaɗi, kuma da babbar murya: kada a kunna janareto a cikin gida, ko a baranda, ko kusa da tagar da ake kwana. Da hunturu kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutane cikin barci, wani lokaci gida guda.

Mataki na 10: In ka kwanta barci ya ƙi

In ka kai kamar minti 20 ido biyu, tashi. Koma kan tabarma ko kujera cikin raunin haske, ka yi tasbihi ko karatu marar tayar da hankali, sai ka ji ido ya yi nauyi ka dawo. In ya sake ƙi, sake tashi. Dalili shi ne ƙwaƙwalwa na saurin haɗa abu biyu: in ta saba shimfiɗa wurin juyi da damuwa ce, da ka hau za ta farka. Juya fuskar agogo bango.

Wanda ya daɗe yana fama ya duba littafinsa. In awa 9 yake a kwance amma 6 yake barci, ya rage zaman shimfiɗa zuwa 6 da rabi ta hanyar jinkirta kwanciya, lokacin tashi na nan. In barcin ya haɗe na mako guda, ya ƙara minti 15, haka har ya ƙoshi. Kada a sauka ƙasa da awa 6. Mai farfaɗiya, da mai lalurar ƙwaƙwalwa, da direba, da mai aiki da inji, kada su gwada wannan sai da likita.

Masu aikin dare

Ma'aikatan asibiti, masu gadi, jami'an tsaro, direbobin dogon zango, masu gidan burodi: ba za a ce ku bar abincinku ba, sai dai a rage ɓarna. Hukumar binciken cutar kansa (ciwon daji) ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aikin dare cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar, a 2007 ta kuma sake tabbatarwa a 2019, don haka abin ba na wasa ba ne. Yi barcin awa ɗaya da rabi da yamma kafin ka fita. Shayi ko kofi a rabin farko na dare kaɗai. Ci abincinka kafin 12, bayan nan sai abu marar nauyi. Da safe, kai ne kaɗai aka yarda ka sa baƙin tabarau a hanyar gida, ka kwanta da zarar ka isa, a ɗaki mai duhu, a kuma hana yara da baƙi tashin ka. Ranar da ka sauka daga zagayen, yi awa 3 zuwa 4 kawai, tashi kafin azahar, fita haske, ka kwanta da wuri. Ka riƙa auna jini da suga a kai a kai.

Direba ya sani, awa 17 ba barci na rage hankalin tuƙi kamar na wanda ya ɗan sha giya, kuma tsakanin ƙarfe 2 da 6 na asuba ne ido ya fi cin amana. Buɗe gilashi da ƙure rediyo ba sa hana komai. Nemi wuri mai aminci ka tsaya, ka sha shayi, ka kwanta minti 20.

Azumi, jego da yara

A watan azumi barci kan rabu biyu ko uku, ba laifi muddin jimillar ta kusa awa 7 kuma lokutan ba sa sauyawa: bayan asham zuwa sahur, ɗan ƙari bayan asuba, sai ƙailula. Shayi mai kauri a sha shi da buɗa-baki, ba tsakar dare ba. Goman ƙarshe dole agogo ya goce. Washegarin sallah a kama Mataki na 4.

Jariri sai ya kai wata biyu zuwa uku agogonsa ke soma tsayuwa. Kafin nan mai jego ta kwanta duk sanda ya kwanta, dangi su ɗauke mata aiki da karɓar 'yan barka. Da rana a fito da shi inuwa mai haske, shayarwar dare a yi ta cikin duhu-duhu ba wasa, a kuma kwantar da shi rigingine. Matashi kuwa agogonsa kan makara da kansa a shekarun balaga, ba duka ne lalaci ba. Hasken safe da karɓe waya da dare sun fi faɗa amfani.

Ƙwayoyin barci, da lokacin zuwa asibiti

Kada ka je kemis ka ce a ba ka maganin barci. Diyazafam da danginsa na sa jiki ya saba cikin 'yan makonni, sai an ƙara yawa, kuma barin su farat ɗaya bayan an daɗe ana sha na iya jawo jijjiga. Haɗa su da kodin ko tiramadol na iya tsayar da numfashi. Maganin mura mai sa barci ma ba maganin rashin barci ba ne, a tsofaffi yana kawo ruɗewa da faɗuwa. Wanda ya riga ya saba, likita ne zai sauke shi sannu a hankali, kuma ba abin kunya ba ne ya je ya faɗa.

Ka nemi likita in ka bi matakan nan wata guda ba canji, ko rashin barcin ya kai dare uku a mako har wata uku. Haka in kana tashi fitsari sau da yawa, don yana iya zama suga ko, a dattawa maza, kumburin ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsara (prostate). Haka in ƙafafu na maka ƙaiƙayi da son motsi da zarar ka kwanta, wanda sau da yawa ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini ne, musamman ga masu ciki. In kana farkawa tun kafin asuba da ƙuncin zuciya, abin da kake so da duk ya fita ranka, wannan na iya zama ciwon damuwa, kuma yana da magani; akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Wanda tunanin cutar da kansa ya zo masa kada ya jira gobe.

Na ƙarshe, wanda aka fi raina shi: minshari mai ƙarfi da numfashi ke ɗaukewa a tsakiya, mutum ya yi shiru sannan ya ja da ƙarfi kamar an shaƙe shi, ya tashi da ciwon kai, ya wuni gyangyaɗi ko da ya kwana awa 8. Mai shi ba ya sani, abokin kwanansa ne ke ji. Maƙogwaro ne ke toshewa, kuma yana da alaƙa mai ƙarfi da hawan jinin da ya ƙi jin magani da shanyewar ɓarin jiki. In mijinki ko matarka na haka, a ɗauki sautin a waya a kai wa likita ya ji. Kafin a samu ganinsa, a riƙa kwanciya ta gefe, a guji duk wata ƙwayar barci, kuma a dakata da tuƙin doguwar hanya.